Brickfields ko Masjid India? In kuɗin ba yawa, ki sauka a Masjid Jamek

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaye ni wace unguwa za ki ziyarta tsakanin Brickfields da Masjid India. Masjid India za ki je. Yini ɗaya ne gare ki a Kuala Lumpur, kuma kin ce guzurin ba yawa, to kada ki raba ƙafa tsakanin unguwannin Indiyawan nan biyu.

Ki hau jirgin LRT ki sauka a tashar Masjid Jamek. Daga KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa ta birnin, tasha biyu ce kacal a layin Kelana Jaya, Pasar Seni sannan ita. Kuɗin jirgin nan shi ne kuɗin mota na ƙarshe da za ki kashe har dare, sauran duk da ƙafa ne. Kina fitowa ga masallacin Jamek a gabanki, wanda aka buɗe a 1909, daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu. Ba a biyan ko sisi a shiga. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa titin Masjid India, ki bi ta cikin rumfunan 'yan kasuwa har ki iske masallacin da ya ba wa unguwar sunanta. Indiyawa Musulmi 'yan kasuwa ne suka kafa shi tun ƙarni na 19, kuma har yau da harshen Tamil ake yi musu wa'azi. Wannan shi ne babban dalilina. Azahar ko la'asar ta riske ki, ba sai kin tsaya tambayar inda za ki yi alwala ba, kuma abincin da ke kewaye da ke na Musulmi ne.

Mayafin da na fi so a cikin kayana a wannan titin na saye shi lokacin da nake karatu a Maleshiya, kuma har yanzu launinsa bai koɗe ba. Ruwan yamma ne ya kore ni cikin wani ƙaramin shagon yadi, irin ruwan Kuala Lumpur da ke saukowa ba sallama. Mai shagon dattijo ne, Batamile, da farar hula da tabarau a ƙarshen hanci. Ya ga ban shigo da niyyar saye ba, amma ya jawo min kujera, ya aiki yaronsa ya karɓo min shayi. Da na ɗaga wani yadi mai sheƙi na tambaye shi ko siliki ne, sai ya girgiza kai. Ya zare zare guda daga gefensa ya kunna masa ashana, zaren ya narke ya dunƙule ya yi tauri, yana warin roba. Ya zaro wani daga cikin wani bandir da ke can sama, shi kuma ya ƙone ya zama toka mai laushi, yana ƙaurin gashi. Ya ce wannan ne siliki, kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗaliba. Shi da kansa ya zaɓo min na auduga mai sauƙin kuɗi. Ban taɓa mantawa da mutumin nan ba, Allah ya saka masa da alheri.

Maganar ciki kuwa, gidajen abincin mamak, wato na Indiyawa Musulmi, sun ishe ki. Da safe ki ce a ba ki roti canai, wata gurasa ce mai laushi da ake murzawa a wurga a iska har ta yi shara-shara, a soya a kan faranti, a haɗo ki da miyar dal, wata miya mai kama da ta wake. Ki haɗa da teh tarik, shayin madara da ake ɗagawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, kamar dai yadda mai shayin bakin titi yake yi a gida. 'Yan ringgit kaɗan ne, wato kuɗin Maleshiya, kuma zai riƙe ki har azahar. Da rana akwai nasi kandar, shinkafa da miya iri-iri. A nan ne ake zubar da kuɗi ba a sani ba, domin kowane abu da kika nuna da yatsa kuɗinsa daban. Kaza guda da ganye, ki ce a haɗa miki miyar, ya wadatar. Manyan jatan lande da kan kifi ki bar su a inda kika gan su, ko ki fara cewa “berapa?”, wato nawa ne, kafin cokali ya taɓa su.

In kina da zaɓin rana, ki sa ta zama Asabar. Daga yamma ake rufe lungun Tuanku Abdul Rahman a kafa kasuwar dare, abinci da hijabai da takalma da kayan yara, tsawon lungun gaba ɗaya. Kafin a kafa ta ki taka zuwa dandalin Dataran Merdeka ki ga ginin Sultan Abdul Samad mai hasumiyar agogo, shi ma kallo kyauta ne. Ki riƙe lema da gorar ruwa.

Brickfields ba laifi. Tana jikin KL Sentral, ita ce aka ba wa sunan Little India a hukumance a 2010, an yi wa titin Tun Sambanthan fenti da ado, ga masu saƙa furanni, ga waƙoƙin Tamil na tashi daga kowane shago, ga shinkafar da ake zubawa a ganyen ayaba. Wurin ɗaukar hoto ne mai kyau, awa guda ta ishe shi. Amma yawancin kayan shagunan sari ne, wato tufafin matan Indiya, da kayan bautar Hindu, ba abin da za ki kai wa Hajiya tsaraba, kuma ba kowane gidan abinci ne ke da tambarin halal ba. In kin ratsa ta can, ki ci a gidan da ba sa dafa nama.

Ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa miki, don ba duka 'yan kasuwar ba ne kamar dattijon nan. Masu tebur a bakin hanya suna ganin baƙuwar fuska za su ninka kuɗi. Ki ce “boleh kurang?”, wato a rage, in bai rage ba ki yi gaba, kayan nan dai suna teburin gaba. Turaren da aka shafa miki a hannu ba lallai shi ne a kwalbar da za a naɗe miki ba, ki sa a ɗura a gabanki. Duk wanda ya ce miki itacen oud ne na asali a kuɗin banza, itace ne aka jiƙa da mai. Zinare kuma sai a shago mai rasit, a auna kina kallo, ki ga hatimin 916, alamar ingancin zinaren, da idonki. Wurin 'yan canji ki duba allo biyu ko uku kafin ki miƙa dalarki, ki ƙirga kuɗinki a gaban tagar kafin ki juya. Jakarki ki rataya ta a gaba, ta ɓangaren da ba titi ba, saboda masu fizge a kan babur.

Ki faɗa min ranar da za ki sauka da unguwar da masaukinki yake, in duba miki layin jirgin da zai fi miki sauƙi. Allah ya kai ki lafiya.