Zuwa ga Kawu: yadda na yi wa tsohuwar Fijo fenti a Birmingham

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya, da Inna da yaran gareji baki ɗaya. Yaya ƙirjin naku? Ranar da muka yi waya na ji tarin nan bai sake ku ba, kuma zan dawo kansa kafin in rufe takardar nan, domin shi ne rabin dalilin da ya zaunar da ni rubutu.

Abin da aka gaya muku gaskiya ne. Na sayi tsohuwar Fijo 504, ƙirar 1979, mai sitiyari a dama irin na nan Ingila, kuma na shafe wata goma sha huɗu ina fama da ita a garejin da ke jikin gidan da nake haya. Makon jiya na gama goge fentin.

Za ku yi mamakin darajar da motar nan take da ita a ƙasar nan. Mu da muka tashi a Kaduna mun saba ganinta kamar kajin gida. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya a tashar Kawo, ita ake labta wa buhuna a nufi Zariya ko Kano. Faransawa sun fito da ita a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, suka daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983, amma masana'antar PAN ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har 2006. A nan kuwa sai ka yi shekara ba ka ga ko ɗaya a titi ba. Gishirin da ake watsawa a hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara ya cinye mafi yawansu daga ƙasa, waɗanda suka tsira kuma dillalai suka saye suka loda a jirgin ruwa zuwa Afirka. Ranar da aka sauke tawa daga motar ɗauko ta, wani dattijo maƙwabcina ya fito ya dafa bonet ɗin ya daɗe a tsaye, ya ce mahaifinsa ya taɓa mallakar irinta.

Wanda ya sayar min ya rantse cewa jikinta ƙalau yake, tsatsa kaɗan ce a ƙofofi. A ido kam tana sheƙi. Da na kawo ta gida sai na tuna dabarar da kuka koya min ina yaro, na ɗauki mayen ƙarfe ina bin jikinta da shi. A bonet ya kama, a rufi ya kama, da na zo ƙasan ƙofofi da gefen tayoyin baya sai ya riƙa zamewa yana faɗuwa ƙasa. Na sa samfefa mai lamba 80 na fara ci. Fila ce aka labta, ƙullun nan da ake cike lotsawar jikin mota da shi, kaurinta ya kai ɗan yatsa, a ƙarƙashinta kuma ragar waya da tsohuwar jarida aka cusa a ramin da tsatsa ta ci. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a da ina tsammanin irin wannan ha'incin ba a yin sa a ƙasar da komai yake da takarda. Ashe kyan ɗan maciji ba shi da ƙasa.

Da farko ban yi niyyar yin aikin da kaina ba. Na je gareji uku. A nan ba a cinikin aiki a dunƙule yadda kuke yi, a ce a gyara jiki a fesa fenti nawa ne, a yi tayi a sallama. Awa ake saya. Mai gareji yana lissafa awa nawa hannunsa zai yi a jikin motarka, ya ɗora kuɗin kaya, sannan ya ƙara harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan duka. Biyu daga cikinsu sun ƙi karɓa, suka ce su aikin inshora suke yi, a cire fendar da ta lotse a ɗaura sabuwa, ba su da lokacin bin tsatsa. Na ukun ya yarda, amma kuɗin da ya ambata ya ninka abin da na sayi motar har sau biyu, kuma sai na jira wata takwas kafin layi ya zo kaina.

A nan na san darajar tsohon fanabitan garejinku. Ina ganinsa a zuciyata yana tsugune, ya yanko falle daga jikin mataccen firji, ya ɗora a kan guntun dogo yana bugu da guduma yana karkata kai yana dubawa, kafin la'asar ya fitar da kwanar fenda kamar daga kamfani ta fito. Masu irin wannan hannun suna nan a Ingila, amma ba su da yawa, galibinsu sun manyanta, kuma masu motocin alfarma ne suke iya biyan su. Abin da ake biyan sa na yinin aiki a Kaduna bai kai abin da takwaransa na nan zai karɓa a kwatan awa ba, kuma wallahi aikinsa bai gaza nasu ba.

Sai dai ta fuskar kaya, Kawu, dole in faɗi gaskiya, sun yi mana nisa. Abin da ka yi oda ta intanet da daddare, gobe ko jibi yana bakin ƙofarka. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne a ciki. Ba a tsarma tina, ruwan da ake sassauta fenti da shi, da fetur, ba a ɗura fenti mai arha a gwangwanin mai tsada. Kowane fenti yana zuwa da takardar da ta faɗi yawan tinar da za a zuba, girman bakin bindigar feshi, da mintin da za a jira tsakanin shafi da shafi. Dokarsu ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya ko da ba su da aibi, in dai ba na musamman aka haɗa masa ba. Na mayar da bindigar feshi guda da ba ta yi min ba, kuɗina suka dawo ba tare da rantsuwa ko kiran shaida ba. Ku kwatanta da kasuwar Panteka ta Kaduna, inda kaya in sun bar shago sun bari ke nan.

Waldar ma ba irin tamu ta kabayid ba ce. Na sayi ƙaramin injin MIG, wanda yake turo siririyar waya da kansa, iskar gas tana rufe wurin da ake ɗinkewa. Zafinsa bai bazuwa kamar na harshen wuta, don haka fallen da kaurinsa bai wuce milimita 1 ba ba ya murɗewa in kana ɗiga masa kaɗan-kaɗan kana tsallakawa. Wata uku na yi ina yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a ƙasan ƙofofi da daɓen mota da cikin but ina dasa sabo. Da za a haɗa wa tsohon nan naku wannan injin da wutar da ba ta ɗaukewa, da ba a san iyakar abin da zai yi ba.

Wajen haɗa kala na fi tuna ku. Na cire murfin tankin mai na kai shagon fenti, saurayin da ke wurin ya ɗora masa wata 'yar na'ura, kwamfuta ta fitar da lissafi, ya riƙa zuba kaloli a kan sikeli giram-giram. Kalar ta fito daidai. Amma da na tambaye shi ko ya ga kamar tana son ɗigon ja, sai ya ce shi abin da allo ya nuna yake bi. Ku kuwa da tsinke da murfin gwangwani kuke yi, ku ɗiga, ku juya, ku fita rana ku duba, ku koma inuwa ku sake dubawa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yanayi. Ku ƙura ce abokiyar gabarku, shi ya sa kuke sa yara su yayyafa ruwa a ƙasa da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, rana kuma ta busar muku da aiki kyauta. Nan danshi ne da sanyi. Na yi gaggawa na fesa bonet a watan Maris, garin da sanyi, an kwana ana yayyafi. Ina tsaye ina kallo, shuɗin da ya kwanta yana ƙyalli ya fara yin fari-fari kamar an hura masa hazo, cikin minti biyar ya dushe gaba ɗaya. Tina ce take tashi da sauri ta sanyaya fuskar fentin, raɓar da ke cikin iska ta sauka ta shige ciki. Dole na bari ya bushe, na goge da samfefa, na haƙura har watan Yuni. Ko a lokacin sai da na rufe bango da leda, na sa matatar ruwa a bututun kwamfuresa, na riƙa duba ma'aunin zafi har ya kusa digiri 20 kafin in ja kunamar bindiga. Na kuma zaga na sanar da maƙwabta ranar da zan yi feshi, domin a nan wari ko ƙara in ya dami mutum, ƙaramar hukuma yake kira. Ragowar tina da fenti ma ba a zubarwa a kwata, akwai wurin da hukuma ta ware ake kaiwa.

Sauran aikin duk naku ne na bi. Firaima, fila siririya inda ta zama dole kawai, goga da katako a bayan samfefa don kada yatsu su bar kwari, daga mai lamba 180 zuwa 320 zuwa 600 da ruwa. Bayan fentin ya yi makonni ya ƙeƙashe na bi shi da 1500 da 2000 sannan na goge da man sheƙi. Da na tura ta waje na ga gajimare a kwance a kan rufinta, muryarku na ji kuna cewa fenti ba ya rufa asirin malalaci.

Yanzu maganar ƙirjinku. Ni da selulos na yi feshi, irin fentin da, wanda tun 2007 aka taƙaita sayar da shi a nan amma aka bar ƙofa ga masu gyaran tsofaffin motoci. Na guje wa fentin nan da ake kira 2K, mai hadina, wato ruwan da ke sa fenti ya ƙeƙashe, duk da ya fi ƙarko da sheƙi, saboda abin da na karanta a takardun hukumar HSE mai kula da lafiyar ma'aikata. A cikin hadinar akwai sinadarin da ake kira isosayanet. In aka fesa, ƙurarsa ba ta ganuwa, tana daɗewa a iska bayan an ajiye bindiga, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota asma a ƙasar nan. In huhu ya riga ya tsane ta, ko kaɗan mutum ya shaƙa sai numfashi ya sarƙe. Shi ya sa ba su yarda a fesa shi da takunkumin tsumma ko na takarda ba, sai da abin rufe fuska wanda ake turo masa tsabtatacciyar iska ta bututu.

Kawu, shekara nawa kuna fesa wannan fentin da hankici a hanci? Ni da kaina na sha zuwa sayo muku madarar gwangwani bayan feshi, muna cewa tana wanke ƙirji. Madara ciki take zuwa, abin da ya shiga huhu ba ta isa wurinsa. Da na gane haka na kasa barci, ina tuna yaran da ke tsaye a bayanku suna riƙe bututu, wasu ba su kai shekara goma sha biyar ba. Na sayi abin rufe fuskar guda ɗaya da matatunsa, da takunkumi masu gawayi guda shida na yara don guga da wanke bindiga, zan ba mai zuwa gida bayan Sallah ya kawo muku. A ajiye kwamfuresan da zai ba ku iska nesa da inda ake feshi, ta inda iska take tasowa. Kuma don Allah ku je asibiti a auna numfashinku, ku gaya wa likita ainihin sana'arku da shekarun da kuka yi a cikinta. Kuɗin wannan yana wuyana.

Ta wajen takardu motar ba ta wahalar da ni ba. Motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajista a hukumar DVLA mai rajistar motoci a matsayin ta tarihi, sai a ɗauke mata harajin hanya da gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da suke kira MOT, in ba a sauya mata manyan sassa ba. Kuɗin da ake karɓa daga motoci masu hayaƙi a tsakiyar Birmingham tun 2021 ma bai shafe ta ba. Duk da haka na kai an duba min birki da ƙasanta, don waldar hannuna ce zan ɗora iyalina a kai. Mai kuma sai na sayi mai tsadar, E5, saboda E10, mai yawan sinadarin etanol, da aka mayar na kowa a Satumbar 2021 yana cin robobin tsofaffin motoci.

Inda na maƙale shi ne kayan gyara. Na Ford da MG da Mini kamar da bakin ƙwarya, har sabon gangar jiki ana ƙera wa wasunsu. Na 504 kuwa sai Faransa, kuma tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, ƙaramin kunshi ma sai an biya masa haraji da ladan masu shigo da shi. Na zaga babban baje kolin tsofaffin motoci da ake yi a zauren NEC na kusa da Birmingham duk watan Nuwamba, rumfa bayan rumfa, ban samu gilashin fitilar baya ba. Abin da na san yana nan a jibge a Panteka da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Don haka ina roƙon ku sa yaro ya nemo min gilashin fitilar baya na hagu da na dama, na salun ba na wagon ba, da hannun ƙofa guda biyu, da zakin nan na gaban giril, na asali ko da ya dushe. Sannan farar 504 ɗin nan da ke bayan gareji a ƙarƙashin dalbejiya, wadda mai ita ya bar muku a bakin bashi, na ji 'yan gwangwan sun fara zagayen ta. Kada ku sayar musu a kan kilo. Ƙasanta bai taɓa ganin gishiri ba. Ku sa a ɗaga ta a kan bulo, a rufe ta da tamfol, in na zo hutun Disamba in Allah ya kai mu sai mu buɗe injin tare.

A gaida Inna, a ce mata saƙonta ya iso.