Durban: a sauka a Golden Mile ko a Umhlanga?

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayarki a zaure: za ku yi kwana biyar a Durban ta Afirka ta Kudu ke da maigida da yara, kuma kin rasa inda za ku kama masauki, ko bakin tekun cikin gari da ake kira Golden Mile, ko Umhlanga. Shawarata ku sauka a Golden Mile, ɓangaren North Beach, ku ware wa Umhlanga yini guda.

Umhlanga tana arewacin gari, kamar minti ashirin a mota. Unguwar masu hannu da shuni ce, tituna tsaf, masu gadi ko'ina, kuɗin ɗaki kuma ya fi tsada. Akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai fari da ja da aka gina a 1954, akwai hanyar yawo a gefen ruwa, ga katafariyar kasuwar zamani ta Gateway. Nan ne kuma hedkwatar hukumar da ke kula da ragar da ke tare kifin shak daga masu wanka. Idan hutu kawai ake nema, a yi barci a tashi a kalli teku, babu kamarta. Amma da yara, kafin kwana biyu kun gama ganin abin da ke cikinta, gaɓar tata ma akwai duwatsu a wurare da dama, sannan duk inda za ku je sai kun kira Uber.

Golden Mile kuwa faffaɗar hanya ce ta masu tafiya a ƙasa da masu keke, ta taso daga uShaka Marine World a kudu ta miƙe har ta wuce filin wasa na Moses Mabhida. Ki fito da hantsi ki ga: masu gudu, samari da allunan hawan igiyar ruwa a hammata, masu sassaƙa kada da zaki da yashi suna jiran ɗan abin da za a jefa musu, da Zulu masu jan keken ɗaukar mutane, kowanne da ƙaton rawanin ƙaho da duwatsun ado. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne za ki ga mata da abaya da niƙabi sun tsoma ƙafa a ruwa suna riƙe da 'ya'yansu, ba mai kallonsu. Ruwan yana da ɗumi saboda igiyar da ke gangarowa daga wajen Mozambik, ba irin na Cape Town mai sa haƙora kaɗawa ba. Sai dai yara su tsaya tsakanin tutocin da masu ceto suka kafa, don tekun na da ja.

uShaka kaɗai yini ne. An buɗe shi a 2004, gidan kifayen nasa an gina shi kamar tsohon jirgin da ya nitse, ana sauka cikin cikinsa, gilashi ne kawai tsakaninku da shak. A waje ga wasan kifin dolfin da wuraren sulɓi. Maigida kuma na san zai so ganin filin wasan, da ƙarfen da ya lanƙwasa a samansa kamar baka, wanda tsayinsa ya haura mita 100. A nan Super Eagles suka ci Mali 4 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2013, Ahmed Musa ne ya jefa ta huɗu.

Inda cikin gari ya fi Umhlanga nesa ba kusa ba shi ne salla da abinci. Tun 1860 Turawan Ingila suka fara kawo Indiyawa noman rake, 'yan kasuwa Musulmi suka biyo baya, su suka kafa Juma Masjid a shekarun 1880 a titin Dr Yusuf Dadoo, wanda har gobe mutanen gari Grey Street suke ce masa. Yana cikin manyan masallatan ƙasar. Ku yi Juma'a a can, ku taka zuwa kasuwar Victoria, inda ake tara garin kori da barkono tsibi-tsibi, ja da rawaya, tun daga ƙofa hanci ke sanar da mutum. Ku nemi bunny chow: burodi ne ake yanka rabi ko kwata, a ƙwaƙule cikinsa, a cika da miyar kori ta naman rago ko wake, a ci da hannu. Ki duba takardar SANHA, hukumar tantance halal, a jikin shago. Lambun tsirrai na Botanic Gardens, wanda ke nan tun 1849, shi ma yana kusa.

Ba zan ɓoye miki aibinsa ba. Akwai masu fizgen waya, kuma yankin South Beach da Point ba wurin yawon dare ba ne, shi ya sa na ce North Beach. Bayan magariba ku shiga mota, kada ku ratsa lunguna a ƙafa. Idan tafiyar ta faɗo tsakiyar Disamba zuwa sabuwar shekara, bakin ruwan cika yake kamar Kantin Kwari a jajibirin salla, a lokacin kam Umhlanga ta fi sauƙi ga mai ƙananan yara. Tun ambaliyar Afrilun 2022 kuma akan rufe wasu wuraren wanka saboda gurɓatar ruwa, abin ya shafi ɓangarorin biyu, don haka ki tambayi masu otal kowace safiya.

Fita wajen gari bai bambanta sosai ba. Inanda, inda Gandhi ya kafa matsugunin Phoenix a 1904 kuma Mandela ya kaɗa ƙuri'arsa a 1994, tana kusa da duka biyun. Gandun dajin Hluhluwe-iMfolozi mai karkanda tafiyar awa uku ce, sai an yi sammako sosai.

Ranar komawa ku bar otal da wuri, ku yini a Umhlanga, ku yi tsaraba a Gateway. A kan hanyar filin jirgin King Shaka take, daga can 'yan mintuna ne.