Sharhi Kan Gidan Tamostat na Alminiyon da Na Sanya wa Motata

Gidan tamostat shi ne ɗan ƙoƙon da ke maƙale a jikin inji, inda tiyon lagireto yake haɗuwa da shi, kuma a cikinsa tamostat yake zaune yana tsare ruwa har sai zafin inji ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas kafin ya buɗe masa hanya. Gidan tamostat ɗin da ya zo a jikin motata, 'yar Kwatano, na roba ne, kuma yawan zafi da sanyi ya sa ya tsage daidai bakin tiyo. Alamar farko ita ce wani farin busasshen dabbare a ƙasan kusoshinsa, sannan ruwa ya riƙa raguwa ba tare da na ga ɗigo a ƙasa ba.

Na sayi na alminiyon a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma tun da aka ɗaura shi allurar zafi ba ta ƙara wuce tsakiya ba, ko a cunkoson rana tsaka a watan Afrilu. Ya fi na roba tsada, amma a ganina ya ci kuɗinsa. Abin da ban yaba ba shi ne zoben robar da aka haɗo shi da shi, domin siriri ne ƙwarai, sai da bakanike ya nemo wani mai kauri, ya kankare tsohon datti daga fuskar inji, sannan ya ɗaure kusoshin a hankali ɗaya bayan ɗaya, saboda matsewa fiye da kima tana lalata zaren kusa.

Bakaniken ya ba ni shawarar a cire tamostat ɗin gaba ɗaya, kamar yadda aka saba yi a garejinmu da hujjar cewa ƙasarmu akwai zafi, amma na ƙi. Injin da ba shi da tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, sai ya ƙara shan mai, kuma yana saurin cinyewa.

Duk mai niyyar saye ya je da tsohon a hannunsa domin a gwada ramukan kusoshi da mazaunin na'urar auna zafi. Ya kuma daina zuba ruwan rijiya zalla, domin gishirin cikinsa yana cin alminiyon, ya yi amfani da ruwan sanyaya inji, kuma a fitar da iskar da ta maƙale a tiyo kafin a rufe murfin lagireto.