Ajin Turancin dare a Aboabo: Ticha da kalmarsa "put"

Wanda ke neman inda za a fara masa Turanci daga ABCD kada ya ɓata kuɗin motarsa zuwa ajin nan na unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana. Na irinmu ne da muka ɗan taɓa boko, muna ciniki da Turanci, muna karanta saƙon waya, amma da zarar an haɗa mana ƙananan kalmomi biyu ko uku sai mu riƙa gyaɗa kai alhali an bar mu a baya. Ni kayan mota nake sayarwa a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyaran mota, kuma yanzu rabin cinikina a WhatsApp yake, da masu turo mana tsofaffin injuna daga Ingila.

Mai ajin tsohon malamin sakandare ne da ya yi ritaya. Ticha kowa ke ce masa, har Alhazan da suka girme shi. Ɗakin wata Islamiyya yake ara bayan sallar isha'i, kuma ba ya bin littafi babi-babi. Aikatau ɗaya yake kamawa ya zauna a kansa sai ya tatse shi tas. A zagayen da na shiga "put" ake yi. Da farko na ga abin kamar cin kuɗi, don wannan kalma ko canza siga ba ta yi: jiya "put", yau "put". Ashe rikicin yana wajen 'yan rakiyarta ne, su "on", "off", "out", "up" da "down".

Ta Hausa ya shigo mana. Ya ce mu duba "sa": sa hannu daban, sa ido daban, sa baki daban, sa rai daban, sa kai daban, kuma babu Bahaushen da ya taɓa zama ya haddace su. Mu suna muke jingina wa aikatau, Bature kuma 'yar ƙaramar kalma yake liƙa masa. Wani Ustaz da ke zama a gaba ya ce ai a Larabci ma haka harafi ke juya magana, "raghiba fi" so ne, "raghiba an" ƙi ne. Ticha ya ce, "Malam, ka gama min darasin yau." Mu da muka fi daɗewa a makarantar allo fiye da ta boko, nan kanmu ya buɗe.

Daren da ya fi burge ni shi ne na "put on" da "put off". Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia ta ce tunda "put on" sa riga ne, ai dole "put off" ya zama tuɓewa. Ticha bai ce mata komai ba. Ya ɗora hularsa a ka ya ce "put on", ya cire ta ya ce "take off", ya sake, ya sake, har muka kama muna amsawa tare. Sannan ya tambaye ta, "Hajiya, in an sa ranar biki sai kakar amarya ta rasu, me ake yi?" Ta ce a ɗaga. Ya ce to wannan ɗagawar ita ce "put off". Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Ticha, waɗannan mutane ba su da tsoron Allah." Nan wani saurayi mai shigo da tayoyi ya miƙa wayarsa. An rubuto masa cewa "we have to put off the shipment", shi kuma ya ɗauka an sauke kaya a tashar jirgin ruwa ta Tema, har ya fara neman mota. Kayan ko jirgi ba su shiga ba. Wannan ɗabi'a ta Ticha, ta barin kowa ya kawo saƙon da ya ɗaure masa kai a warware a allo, ita kaɗai ta isa a biya kuɗin wata.

Sauran duk a bakin sana'armu ya ɗora su. "Put down a deposit" shi ne kafin alƙalami. "Put aside" ka ware wa mai saye kaya, ko ka riƙa tara 'yan kuɗi a gefe. "Put out" kashe wuta mai ci, irin gobarar kasuwa. "Put through" a haɗa ka da wani a waya. "Put up" ka sauki baƙo ya kwana a gidanka, amma da ka ƙara "with" ya koma haƙuri da abin da ba ka so, kamar yadda muke "put up with" cunkoson shataletalen Suame kowace safiya. Akwai kuma ƙa'idar da ban taɓa jin wani ya faɗa min ba: kana iya cewa "put on the cap" ko "put the cap on", amma in "it" ce, dole ta shiga tsakiya, "put it on". Shi kuwa "put up with" ba ya rabuwa ko kaɗan.

Wani abin da na yaba masa, ba ya raina Turancinmu na Ghana. Ya san muna cewa "off the light" da "on the fan", ya ce a gida babu laifi, kowa ya gane, amma in za ka rubuta wa na waje ka sa "switch off" ko "turn on". Haka "put to bed": in nas a asibitin Komfo Anokye ta ce matarka ta yi haka, sai barka, an haihu. A Ingila kuwa kwantar da yaro ne ya yi barci. Kuma ya ce mu daina jin kunyar gajerun kalmomi. Mu nan mai saukowa daga trotro, wato motar haya, ma "alight" yake yi, don a ga ya yi karatu, alhali Bature "get off" yake cewa. Su "postpone" da "tolerate" da "extinguish" asalinsu Latin ne, sun fi dacewa da takardar ofis.

To, a nan ne kuma nake da ƙorafi. In Ticha ya hau tarihi ba ya saukowa. Akwai daren da ya ƙare kaf a kan yadda Normawan arewacin Faransa suka ci Ingila a 1066 Faransanci ya cika Turanci, mu kuwa mun wuni a tsaye a shago. Ba ya fara aji a kan lokaci, sai ya jira waɗanda suka tsaya shan shayi, abin da ke sa mata su tashi kafin a gama don dare. Bencin na yara ne, gwiwa a ƙirji, kuma in aka ɗauke wuta fitilar waya ce ke aiki. Takardun da yake rabawa hoton hoto ne, wasu layukan sai ka yi duba. Babbar matsalar a wurina ita ce kunne. Muryarsa kaɗai muke ji, a hankali, kalma-kalma, alhali mutumin Birmingham in ya turo saƙon murya "put it off" ɗin nan dunƙule shi yake ya zama kalma ɗaya. Na roƙe shi ya riƙa kunna mana irin waɗannan saƙonni a aji, ya ce zai duba.

Masu shirin jarrabawar Nov/Dec ta WAEC kada su dogara da nan, ba a rubuta insha'i, ba a koyar da taƙaita labari. Kuɗin wata kuwa bai kai abin da nake kashewa a data ba, kuma yana karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya. Zagaye mai zuwa "get" za a kama, ya ce ta fi "put" 'yan rakiya. Na riga na biya, amma da kujerata ta roba zan riƙa zuwa.