Google Lens da sayen kayan sawa a onlayin, abin da na gani da idona

Duk wadda take sayen kayan sawa a onlayin, abaya ce ko leshi ko mayafi ko takalmi, indai wayarta tana da Google kuma bata taɓa danna Lens ba, wato abin binciken Google da ake yi da hoto, to gaskiya tana cutar aljihunta ne kawai. Na daɗe ina amfani da shi, kyauta ne ba a biyan ko sisi sai dai datar da zai ci, kuma a cikin duk waɗannan abubuwan na AI, wato fasahar kwamfuta mai kwaikwayon basirar mutum, da ake ta surutu a kai shi ne wanda na ga amfaninsa zahiri a harkar siyayya. Sai dai akwai inda yake tsayawa cak, kuma wurin da yake tsayawan shi ne ya fi damuna, zan zo kansa.

Yadda ake yi ba wani abu ne mai wuya ba. Kin ga riga a sitetus ɗin wata ko a Instagram ta burge ki, ki yi skirinshot, ki buɗe Google, a gefen wurin rubutu akwai alamar kyamara, ki danna ki zaɓi hoton. Zai fito da wani ɗan akwati a kan hoton, to ki ja shi ya zauna a kan rigar kaɗai, kar ki bar fuska ko kujera ko labulen ɗaki a ciki don in kin bari sai ya kama nuna miki labulaye. Shi ba sai kin san sunan kaya ba, siffa da kala da zanen jiki yake dubawa ya gwada da tulin hotunan da ke intanet, sai ya jero miki masu kama da shi da shagunan da suke sayarwa, wasu har da kuɗinsu a jiki. Tun 2017 Google suka fito da shi, a 2022 suka ƙara cewa bayan kin sa hoton kina iya rubuta kalma a kai, misali rigar baƙa ce ke kuma ruwan toka kike so sai ki rubuta kalar ya nemo miki. Masu sababbin wayoyin Android kuma akwai Circle to Search da ya fara fitowa a farkon 2024 a kan Samsung Galaxy S24 da Pixel 8, shi ma ba sai kin yi skirinshot ba, zagaye rigar kawai za ki yi da yatsa kina cikin kallon bidiyo. Su Google da kansu a 2024 sun ce ana bincike da Lens kusan sau biliyan 20 a wata, kuma kashi 20 cikin 100 na wannan binciken na siyayya ne, kinga kenan duniya ta riga ta yi nisa a kai.

Babban abin da yake min shi ne sanin asalin kaya da kuɗinsu. Wallahi za ki ga abaya an saka ta an ce daga Dubai take kai tsaye, saura guda biyu, ki jefa hoton a Lens sai ga ta a shaguna barkatai na Chaina da Turkiyya, hoto ɗaya tak, mace ɗaya, tsayuwa ɗaya, bango ɗaya, kowa ya manna sunan shagonsa a kai. Daga nan kin san mai sayarwan ba ita ta ɗauki hoton ba, ƙila ma bata taɓa riƙe rigar a hannunta ba sai kin biya sannan za ta yi oda. Ni bana ganin laifin wadda ta ɗora riba, fisabilillahi akwai kuɗin jirgi akwai kwastam akwai dala da bata zama wuri ɗaya, ga kuɗin mota daga Legas zuwa Kano, duk dole su hau kan kaya. Abin da nake so kawai in san a ina na tsaya kafin in fara ciniki, in na ga ribar daidai ce in saya da farin ciki in huta da jiran sati uku, in kuma na ga an ninka ya wuce hankali in yi gaba abina. AliExpress da Temu su ma suna da wannan alamar kyamarar a cikin manhajarsu, Temu ɗin da ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, sai dai su kayan shagonsu kawai suke nuna miki, shi ya sa nake fara wa da Lens tukunna.

Ya fi iya aiki a kan abin da aka ɗinka a kamfani, jaka, takalmi, abaya, rigunan yara, agogo. Atamfa ma yana ƙoƙari sosai saboda zanenta a fili yake, in zanen tsoho ne na Vlisco zai kai ki har shafin kamfanin na Holan ki ga ainihin kalar da suka buga shi. Leshi ne yake rikita shi, farin leshi musamman, duk kamarsu ɗaya a wurinsa. Shadda kuwa ba a magana. Ki ɗauki hoton Getzner ta gaske da ake saƙawa a Ostiriya ki ɗauki na kwafinta ki ba shi, duk abu ɗaya zai kawo miki, domin bambancinsu a hannu yake da nauyi da yadda ƙyallin yake zama bayan an kai wa mai bugu, kyamara kuma bata da hannu. Wannan ba gazawar Lens kaɗai ba ce, duk wata na'ura da hoto take ci haka take.

Toh yanzu ga inda abin yake ci min rai. Wannan fasahar da take taya mu nemo kaya ita ce dai wasu suke amfani da ita suna ƙirƙiro hoton kayan da babu su a duniya. Ƙanwata ta yi odar wata abaya ta fitar biki a wani shafi, a hoto duwatsu ne jere tun daga kafaɗa har ƙasa, hannun ya sauko kamar ruwa, kalar kore ce mai duhu irin ta kwalba. Da kayan suka iso tasha ta je ta karɓo muka buɗe leda, yadin sharashara ne kana ganin tafin hannunka ta ciki, duwatsun da gam aka liƙa su har wasu sun zube a cikin ledar tun kafin a taɓa, koren kuma ya yi haske fau. Ta yi wa mai sayarwan magana tace mata ai haske ne na kyamara. Da na karɓi wayar na zuƙo hoton da aka tallata sai na ga yatsun matar da ke jiki guda biyu sun narke sun haɗe, layin duwatsun na hannun dama bai yi daidai da na hagu ba, a ƙasa kuma bakin rigar ya shige cikin tayil babu inuwa ko kaɗan. Babu wannan rigar, kwamfuta ce ta zana ta sannan aka nemi wani ya ɗinka abin da ya ɗan yi kama. Yarinyar nan kuɗin da ta tara ne na wata da watanni, ranar bata ci abinci ba.

Tun daga nan duk hoton da ya yi kyau fiye da kima sai na zuƙo shi. Ina duba yatsu da kunne da maɓalli, ina duba ko furen leshin yana maimaita kansa daidai yadda inji yake yi ko kuwa kowane fure da kamarsa, in atamfa ce ina duba rubutun bakin zanin, don AI har yanzu yakan jagwalgwala ƙananan haruffa su zama wani abu da ba ya karantuwa. Sannan in jefa shi a Lens. In kaya na gaske ne yawanci za ki gan shi a jikin mutane daban daban, a hannun kwastomomi, a rataye a shago. In kuma duk inda ya fito hoto ɗaya ne mai sheƙi babu ko mutum ɗaya da ya ɗauke shi a ɗakinsa, to ni dai bana tura kuɗina. Gaskiya kuma hotunan nan kullum ƙara gogewa suke, alamar yatsun ma ta fara ɓacewa, shi ya sa yanzu abin da na fi dogara da shi shi ne in ce a yi min bidiyo. Hajiya dan Allah a ɗaga yadin a rana in gani, a juya min cikinsa, a nuna min ɗinkin gefe. Mai kaya a hannu minti biyu ta turo, wadda babu kuwa sai ki ji ana cewa yaron shago ya fita.

Teloli ma abin ya iso kansu. Na kai ɗinki wajen telana na tarar da wata ta miƙa masa waya da hoton salo, ya daɗe yana kallo ya ce Hajiya ki yi haƙuri wannan ba mutum ne ya ɗinka ba, duba babu inda aka haɗa hannu da jiki, babu zif babu wurin shiga, in na karɓa faɗa za mu yi ranar karɓa. Ni na ji daɗin yadda ya faɗa mata gaskiya, da yawa karɓa suke su ɓata wa mutum leshi yadi 5 a banza.

Ban ce duk mai amfani da AI a talla macuci ba ne. Manyan kamfanoni ma suna yi, Levi's sun sanar a 2023 za su gwada hotunan masu tallan kaya na kwamfuta aka yi musu caa, H&M kuma a 2025 suka ce za su yi kwafin masu tallarsu 30 na gaske da izininsu. A nan gida na san mata masu ƙaramar sana'a da suke ɗaukar hoton kayansu a tsakar gida su sa manhaja ta goge bokiti da igiyar shanya da ke baya, wasu kuma basa son nuna jikinsu ko na 'ya'yansu sai su ɗora rigar a kan hoton kwamfuta, wannan ni ban ga aibunsa ba ko kaɗan, indai yadin da kalar nasu ne na gaske kuma an saka hoton asali a gefe.

Sai maganar gwada kaya a jiki ta waya, wanda shi aka fi yayatawa. Walmart, babban kantin nan na Amurka, sun sayi wani kamfani Zeekit a 2021 saboda wannan, Google kuma a 2023 suka fara da rigunan mata inda za ki zaɓi mai jiki irin naki tun daga XXS har 4XL ki ga yadda rigar ta zauna mata, a 2025 suka buɗe a Amurka cewa mutum ya ɗora hoton kansa a sa masa rigar. Wata 'yar uwarmu da take can ta turo min nata, abin mamaki wallahi, har yadda yadin ya tattare a ƙugu ya fito. Amma da na tambaye ta sayiz fa, tace a'a, kamanni kawai yake nunawa, ko rigar za ta matse ki a hammata wannan sai ta iso. Ni kuma abin da ya tsaya min shi ne lokacin da suka fito da shi hoton cikakken jiki ake ɗorawa, ga mace mai aure ko budurwa a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, dole a yi tunani kafin a miƙa. Kuma yawancinmu yadi muke saya mu kai ɗinki, me za a gwada a jikin atamfa yadi 6 da ba a yanka ba?

A maganar sayiz tef ɗin awo ya fi min komai. Abaya in an ce 54 ko 56 ko 58 tsawonta ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba, ki sa a auna ki sau ɗaya ki ajiye a waya. Kayan Chaina kuma sukan zo ƙanana, XL ɗinsu sau da yawa L ne ko ma M a wurinmu, don haka santimitan da aka rubuta a teburin awo nake bi ba harafin ba. Sharhin masu saye ma yanzu AI yana taƙaita shi a sama, Amazon sun fara haka a 2023, yana rage wahala amma ni sai na gangara ƙasa na nemi masu tauraro 2 da 3 da suka sa hoto, a nan ake jin ko yadin yana zuba ko yana tsukewa bayan wanki.

Abu na ƙarshe da ya kamata ki sani, Lens abin da ke buɗaɗɗen intanet kawai yake gani. Kayan Kantin Kwari da Sabon Gari da na matan da suke sayarwa daga gida kusan duk a sitetus na WhatsApp da gurup suke, awa 24 sitetus ya ɓace, shi kuma baya shiga can. Shi ya sa za ki nemi mayafi ya kai ki Guanzu ta Chaina ko Istanbul alhali yana nan a layin da ke bayanku ƙila ma da sauƙin kuɗi. 'Yan kasuwarmu dan Allah ku riƙa saka kayanku a buɗaɗɗen shafi, hoton da kuka ɗauka da hannunku a shago, da sunan yadin da yawan yadi da kuɗi a rubuce, ba sai an ce a zo ta bayan fage a tambaya ba.