Gargaɗi Kan Masu Sayar da "Sirrin Filin Sukuwa" ga 'Yan Cacar Waya

Ƙanena ya yi asarar albashinsa na wata huɗu da kuɗin da yake tarawa na aure a hannun mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba. Da yardarsa nake wannan rubutu, da sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba. Ban zo kare caca ba, shi ma ya san matsayina a kanta tun da daɗewa. Amma abin da ya same shi ya wuce caca, damfara ce tsagwaronta, kuma masu yin ta suna nan suna farautar wasu a daidai wannan lokacin da kake karatu.

Ranar da ya fara nuna mini abin, fuskarsa cike take da annuri. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, wannan ba caca ba ce, lissafi ne." A fuskar wayar akwai layi uku, kowanne da launinsa. Na farko wai yana nuna inda kuɗin mutanen da ke cikin filin tsere yake tafiya, na biyu kuɗin masu zama a shagunan caca, na uku kuɗin masu yi ta waya. Aka ce masa mutanen fili su ne masu ido, su suke ganin doki da ƙwayar idonsu, suna jin raɗe-raɗin barga. Masu shago da masu waya kuwa wai garke ne kawai. Duk lokacin da layin fili ya karkata ga wani doki alhali sauran biyun ba su farga ba, to nan kuɗi yake. Su kuma wai suna da yaransu a filayen Ingila da Ostareliya da Hong Kong masu turo musu rahoto minti biyar kafin a saki dawaki.

Abin da ya sa maganar take kama mutane shi ne an gina ta a kan gaskiya. Lallai wurin da mutum yake yana sauya yadda yake zuba kuɗinsa. Wanda ya je fili ya fita yini ne, sau da yawa da abokai ko iyali. Yana da tsere shida ko bakwai a gabansa, da tazarar kusan rabin sa'a tsakanin kowanne. Yakan je da'irar da ake zagayawa da dawaki ya ga wanne ne yake zufa tun ba a fara ba, wanne yake fizge linzami, wanne ya tsaya cak da kunnuwa a miƙe. Kuɗin hannu yake miƙawa, yana ganin aljihunsa na raguwa, kuma in an gama tseren ƙarshe dole ya tafi gida. Da yawa ma a manyan ranaku irin na Grand National ko Kentucky Derby sunan doki ko launin rigar mahayi suke bi, su sa ɗan abin da ba zai dame su ba.

Mai shago daban ne. A Birtaniya sai a watan Mayun 1961 doka ta halatta buɗe shagunan caca a wajen fili, kuma an daɗe ba a yarda a sa talabijin a cikinsu ba sai 1986. A birnin New York an fara irin wannan a 1971. Mai zaman shago ba ya ganin doki sai a allo, amma yana ganin filaye da yawa a lokaci guda, wannan na ƙarewa wancan na tashi. Yakan zo kusan kullum, yana sa kuɗi kaɗan-kaɗan, yana son haɗa dawaki uku ko huɗu a tikiti ɗaya don ƙaramin kuɗi ya haifi babba. Duk da haka akwai mutane a gefensa, akwai mai karɓar kuɗi da ya san fuskarsa, akwai lokacin rufe ƙofa.

Mai waya kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan birkunan. Rana ba ta faɗuwa a wayarsa. In an gama a Ingila, Amurka ta ɗauka, in Amurka ta kwanta, Ostareliya ta farka. Kuɗinsa lambobi ne a allo, ba ya jin nauyinsu a tafin hannu. Ba wanda yake ganinsa da ƙarfe biyun dare yana ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa da magariba. Kuma a can ƙasan zuciyarsa yana jin cewa shi ne na baya a dangi, cewa waɗanda ke fili sun san abin da bai sani ba. Wannan jin shi ne ƙofar da 'yan damfarar suke shigowa ta ciki. Sun yi nazarin bambancin wuraren nan uku ƙwarai da gaske, amma ba don su gane dokin da zai ci ba. Sun yi ne don su gane mutumin da zai fi sauƙin ci.

Ga yadda suka ɗaure ƙanena. Wata uku kafin ya nuna mini wayar, an jefa shi cikin wani zaure a Telegram ba tare da ya nema ba. Aka turo masa sunan doki kyauta ta saƙon sirri, dokin ya ci. Bayan kwana biyu aka turo wani, ya ci. Na uku ma ya ci. Ya ce mini a ranar bai iya cin abincin dare ba saboda bugun zuciya. Wa zai ga ci uku a jere ya ce sa'a ce kawai?

Na zauna da takarda na nuna masa, ko da yake a lokacin ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Ka ɗauka kana da lambobin mutum 1,296, ka zaɓi tseren da dawaki shida za su yi. Ka raba mutanen gida shida, kowane gida ka ba shi doki ɗaya. Ko ma wanne ya ci, mutum 216 sun ga ka faɗi daidai. Ka watsar da sauran, ka sake raba waɗannan 216 gida shida. Saura 36 da suka ga ka dace sau biyu. Ka sake, saura 6 da suka ga sau uku a jere. Ba ka san komai game da doki ba, ba ka taɓa shaƙar warin barga ba, amma ga mutum shida da za su rantse kai waliyyi ne. Ƙanena ɗaya ne daga cikin irin waɗannan shidan. Bai taɓa ganin ɗaruruwan da aka ba wa dokin da ya zo na ƙarshe ba, domin su tuni an goge lambobinsu.

Daga nan sai kuɗin shiga "babban zaure". Sai kuɗin manhajar mai layi uku. A cikin zauren kullum ana zubo hotunan tikitin da aka ci, ana godiya, ana kirari ga "oga". Daga baya muka lura cewa masu godiyar nan kalmominsu iri ɗaya ne, har kuskuren rubutunsu iri ɗaya. Saƙonnin hasashen kuma ana gyara su bayan an gama tsere, ko a share wanda ya faɗi.

Babban ramin shi ne mataki na gaba. Aka ce masa kamfanonin caca sun fara gane su, za su rufe asusun duk wanda yake yawan ci, saboda haka ya zuba kuɗinsa a shafinsu na kansu, su za su raba shi ga yaransu na fili. Ya zuba kaɗan. Lambar da ke allon ta hau. Ya gwada cire wani abu, aka biya shi cikin sa'a guda. Wannan biyan shi ya kashe shi. Ya kwaso na aure ya zuba, ya ƙara da rance. Da lambar ta ninka sau uku a allo ya nemi cirewa, sai aka ce sai ya biya haraji. Ya biya. Aka ce sai kuɗin tantance asusu. A nan ya zo wurina neman rance, idonsa ja, ya ce, "Yaya, wannan ne na ƙarshe, daga shi za su sake mini duka." Na ce masa ya tambaye su me ya sa ba za su cire kuɗin tantancewar daga cikin abin da yake hannunsu ba. Ya tura tambayar a gabana. Kafin mu tashi daga wurin an fitar da shi daga zauren.

Yanzu bari in dawo kan layukan nan uku, domin na ɗauki lokaci ina bin diddiginsu. A ƙasashe da yawa cacar dawaki tana tafiya ne da tsarin tukunya ɗaya, wanda Joseph Oller ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1860. Duk kuɗin da aka zuba a kan tsere ana tara shi wuri guda, masu gudanarwa su zare kasonsu, a raba ragowar ga waɗanda dokinsu ya ci. A Amurka kason da ake zarewa yakan kama daga kusan 15 cikin 100 zuwa sama da 20, gwargwadon nau'in tikitin. A yau kuɗin fili da na shago da na waya duk cikin tukunya ɗaya suke faɗawa, kuma mafi yawansa daga wajen fili yake zuwa. Allon da kowa yake gani jimilla yake nunawa. Layukan da ke wayar ƙanena zane ne kawai, wani ya zauna ya tsara su suna hawa suna sauka.

Sannan ga abin da tsarin tukunya yake nufi: yawan mutanen da suka bi doki ɗaya, ƙanƙantar rabon kowa. Wanda ya san dokin da zai ci, duk mutumin da ya gaya wa ya rage masa nasa rabon. A wurin dillalan da suke yanka farashi, wato ninkin da za a biya wanda ya ci, ma haka ne, kuɗi na taruwa a kan doki sai su rage ninkinsa. To wane mai hankali ne zai riƙe irin wannan sani ya riƙa tallarsa ga baƙi a intanet?

Tarihin wannan harka ya nuna yadda masu sani na gaske suke yi. A watan Yunin 1975, a ƙaramin filin Bellewstown da ke Ireland, Barney Curley ya shirya wa dokinsa Yellow Sam. A wancan zamanin farashin da dillalan cikin fili suka tsayar shi ake biyan masu shago da shi, kuma waya ɗaya ce tak ta haɗa filin da waje. Curley ya baza mutanensa a shaguna suka zuba kuɗi dab da tsere, wani abokinsa kuma ya shige rumfar wayar ya riƙe ta yana nuna yana magana a kan wata gwaggonsa da ke bakin mutuwa, har aka saki dawaki. Labarin kuɗin shaguna bai iso fili ba, farashin ya tsaya a ninki 20, dokin ya ci. Duk wahalar da ya sha ta ɓoyewa ce, kada kowa ya ji. A 2002 kuma, a gasar Breeders' Cup da aka yi a filin Arlington Park na Amurka, wani ma'aikacin kamfanin da ke sarrafa kwamfutocin cacar, Chris Harn, ya sauya tikitin abokinsa da aka saya ta waya daga wajen fili bayan an riga an gama tsere huɗu daga cikin waɗanda tikitin ya haɗa. Cin ya haura dala miliyan 3. Asiri ya tonu ne saboda Volponi, dokin da ba a zata ba, ya lashe babban tseren, sai ya zamana tikitinsu kaɗai ya dace. Shi da abokansa biyu suka tafi gidan yari. Wannan mutum yana zaune a cikin na'urar kanta, amma bai buɗe zaure yana karɓar kuɗin rajista ba.

Masu buɗe zaure su ne irin Bill Vlahos na Ostareliya, wanda ya tara kuɗin jama'a a ƙungiyar cacarsa mai suna The Edge, yana tura musu sakamakon riba a rubuce alhali kuɗin sababbi yake biyan tsofaffi da shi. Abin ya rushe a ƙarshen 2013, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara tara. Shi ma fuskarsa sananniya ce, ana iya kai shi gaban alƙali. Waɗanda suka cuci ƙanena ko suna ba su da shi.

Akwai wani nau'in da bai kai wannan muni a ido ba, amma ina so a san shi. Wasu masu ba da hasashe kyauta sukan ce ka yi rajista da kamfanin caca ta mahaɗinsu kawai. Da yawa daga cikin irin wannan yarjejeniya kamfanin yana biyansu kaso ne daga abin da ka rasa. Mutumin da kake jira ya nuna maka dokin da zai ci, abincinsa yana cikin faɗuwarka.

In kana cikin irin wannan zaure yanzu, kada ka ƙara tura ko sisi, ko da sun ce shi ne mabuɗin fitar da sauran. Ka ɗauki hoton duk hirarku da lambobin asusun da ka tura wa kuɗi tun kafin su goge, ka sanar da bankinka a ranar, ka kai ƙara ga hukumar da ke yaƙi da zamba a inda kake. Ka cire manhajarsu daga wayarka, ka sauya kalmomin sirrinka, musamman in ka taɓa tura musu hoton katin shaidarka. Kuma ka gaya wa wani na jikinka. Ƙanena ya yi wata uku yana ɗauke da wannan abu shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba, kuma a cikin watannin nan ne kuɗin ya tafi.

Mako biyu bayan an fitar da shi, wata baƙuwar lamba ta kira shi. Mai maganar ya san sunansa, ya san adadin da ya rasa har da kwanakin da ya tura. Ya ce shi lauya ne mai ƙwato wa mutane haƙƙinsu, an kama mutanen, kuɗin yana nan a ajiye, saura ɗan kuɗin buɗe fayil. Ina zaune kusa da shi, na ga hannunsa na rawa, na ga yadda yake so ya yarda. Ba wanda yake da waɗannan bayanai sai waɗanda suka karɓi kuɗin. Ya dube ni, na girgiza kai, ya kashe wayar. Har jiya lambar tana sake kira.