Kaucin Indiya da ake kira bandaka: ganyen ya yi kyau, takardar jikin leda ce matsalar

Abin da masu Ayurbeda, wato maganin gargajiyar Indiya, ke kira bandaka ko banda, kauci ne, irin wanda malaman tsirrai suka sa wa suna Dendrophthoe falcata. Ɗan'uwan namu ne da ke maƙale wa kaɗanya da ɗorawa, sai dai shi an fi ganinsa a kan mangwaro. Littafin Charaka, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan Ayurbeda, ya lissafa shi cikin tsirrai 10 masu saukar da fitsari, tare da tsidau, littafin Sushruta, wani tsohon littafin nasu, kuma ya sa shi a rukunin da ake bai wa mai tsakuwar mafitsara.

Wanda muka gwada busasshe ne, ledar giram 100, an ɗan farfasa shi ba a niƙe ba. Wannan ya yi daidai, domin gari mai laushi yana dagula ruwa, ya toshe matata. Ganyen kauri gare shi kamar fata, yana karyewa ƙas a hannu, babu warin ruɓa. Itace dai ya yi yawa, kuma akwai ɓawon bishiyar da aka ciro shi a kai, dole a tsince.

Dafa shi muka yi bisa ƙa'idar Sharangadhara, wani tsohon littafin haɗa magungunan Ayurbeda: kashi 1 na magani, kashi 16 na ruwa, a tafasa har ya rage kashi ɗaya cikin takwas. Wato giram 25 a ruwa mililita 400, ya dawo 50. Wuta kaɗan-kaɗan, tukunya a buɗe, ta ƙasa ko ta silba mara tsatsa. Tukunyar baƙin ƙarfe tana mayar da ruwan baƙi ƙirin, saboda sinadarin baurin da ke cikinsa. A tace, a sha da ɗumi a ranar. Wanda ya kwana a zubar. Launinsa na shayi mai kauri, bauri ya fi ɗaci, harshe har ya ɗaure. Fitsari ya ƙaru kaɗan, ciki kuma ya ɗan ɗaure, abin da ake tsammani ga duk mai bauri irin haka.

Inda muka rage masa maki shi ne takardar jikin leda. Ba a faɗi bishiyar da aka samo shi ba. Kauci yana tsotson ruwan uwar ɗakinsa da abin da ke ciki, shi ya sa masu maganinmu ba sa cewa kauci kawai, sai kaucin tsamiya ko kaucin kanya. Wanda ya tsiro a kan kaner, wani fure mai dafi da ake kira oleander da Turanci, yana iya ɗaukar gubar da ke taɓa zuciya. An kuma rubuta sunan Turanci kawai, wato mistletoe, a babban baƙi, alhali kaucin Turai, Viscum album, wanda shi ma ake kira da wannan suna, wani tsiro ne daban mai nasa dafin.

Mai juna biyu kada ta kusance shi, haka mai shan maganin hawan jini sai da izinin likita. Mai zargin tsakuwa ya fara yin hoto a asibiti, don babba ba ta fita da shan tsimi. Idan mai sayarwa ya kasa faɗin sunan kimiyya da bishiyar da aka yanko shi, a bar masa kayansa.